Inshorar Lafiya a Ma'aunin Shari'a: Abin da Ya Kamata Magidanci Ya Sani Kafin Ya Sa Hannu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya saukar da cuta, ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala da ta daɗe tana kai-da-kawo a zauruka da ƙofofin masallatai, tun daga Birnin Kudu har Gwaram da garuruwanta irin su Farin Dutse, watau mas'alar inshorar lafiya. Wasu na cewa caca ce aka sake wa suna. Wasu na cewa rashin tawakkali ne mutum ya biya kuɗin ciwon da bai same shi ba tukuna. Wasu kuwa sun yarda da halaccinta, amma ba su san wadda za su zaɓa wa iyalinsu ba. To, ya kamata a bi al'amarin daki-daki, domin hukunta abu reshe ne na fahimtarsa, kamar yadda malaman usulu suka tabbatar.

Inda Gizo Ke Saƙar

Duk wanda ya san ƙauyukan kudancin Jigawa ya san cewa ciwo ya fi yawa a lokacin da hannu ya fi bushewa. Daga watan Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro yake kwantar da yara, alhali kuwa hatsin bara ya kusa ƙarewa a rumbu, na bana bai gama isowa gida ba. A ƙaddara wani magidanci a Farin Dutse, haihuwa ta zo wa iyalinsa da gardama cikin dare, aka kai ta asibitin Gwaram, daga can aka ce sai Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, sai an yi aiki, sai an ƙara jini. Me zai yi? Zai kai akuya kasuwar Sara ya karyar, in ba ta isa ba ya sayar da san noma, in abin ya ci tura ya jinginar da gona, ko ya ci bashi da ruwa. Ta haka ciwon dare ɗaya yake jawo talaucin shekaru, wani lokaci har da saɓon Allah, gama bashi da ruwa riba ce, cin amfanin gonar jingina saboda rance kuwa malamai sun lissafa shi cikin rancen da ya jawo amfani.

Wannan hali ya game ƙasa baki ɗaya. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyata da danginsu yake fitowa, a daidai lokacin da ciwo ya faɗo. Saboda haka tambayar ta wuce gardamar zaure. Tana taɓa rai da dukiya, biyu daga cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin kiyaye su.

Tawakkali da Riƙo da Sababi

Amma batun cewa tanadi yana warware tawakkali, wannan fahimta ce da ba ta da madogara. Suratu Yusuf ta ba da labarin yadda Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya tsara wa mutanen Masar ajiyar hatsi cikin zangarniyarsa a shekaru bakwai na yalwa domin shekaru bakwai na fari. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi da ya haɗa ɗaurewa da dogaro. Haka nan Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, sai ya juya da jama'arsa daga wurin da ake kira Sargu, ya kuma bayyana wa Abu Ubaida cewa wanda ya kauce wa annoba bai fita daga ƙaddarar Allah ba, daga wata ƙaddara ya koma wata. Magabatan wannan ƙasa ma ba su yi sakaci da lafiya ba: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai a kan magunguna, har da na ciwon ido da na basir.

Ashe dai tanadi domin ciwo ba shi ne abin tuhuma ba. Abin da malamai suka tsaya a kansa shi ne siffar ƙullin da ake yin tanadin da shi.

Dalilin Hana Inshorar Kasuwanci

Daga cikin malaman furu'a na farko da suka yi magana kan inshora akwai Ibnu Abidin, Bahanafen Dimashƙa, wanda ya rasu a shekara ta 1252 bayan Hijira, daidai da 1836. A zamaninsa fatake suna biyan wani kuɗi ga Turawa domin lamunin kayansu na jiragen ruwa, shi kuwa ya ga bai halatta Musulmi ya karɓi diyyar ba a irin wannan ƙulli. A ƙarni na 20 aka faɗaɗa bincike. Majalisar Manyan Malamai ta ƙasar Sa'udiyya a 1977, da Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 1978, da Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1985, duk sun tafi a kan haramcin inshorar kasuwanci da halaccin ta taimakon juna. Adalci ne a ambata cewa Shaihu Mustafa Zarƙa, babban malamin Sham da ya rasu a 1999, ya saɓa musu, yana ganin halaccin inshora in ta kuɓuta daga riba. Sai dai maganar mafi rinjaye ita ce ta farko.

Illolin da suka kafa hujja da su uku ne. Na farko garari, watau ciniki a kan abin da ba a san ƙarshensa ba, wanda hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya hana. Mai biya bai san ko zai karɓi wani abu ba, kamfani bai san nawa zai fitar ba. Na biyu kama da caca, domin ribar ɗayansu tana rataye da hasarar ɗayan: in mutum bai yi ciwo ba kamfani ya cinye kuɗin, in ya yi ciwo mai tsanani kamfani ya yi asara. Na uku riba, domin musayar kuɗi ce da kuɗi tare da fifiko da jinkiri, kuma galibin kamfanonin suna juya dukiyar a hanyoyin kuɗin ruwa.

Hujjar Taimakon Juna

To, me ya raba wannan da tsarin taimakon juna, alhali a can ma mutum bai san ko zai amfana ba? A nan ne mazhabar Imamu Malik take da bayani mai gamsarwa. Imam Ƙarafi, wanda ya rasu a 684 bayan Hijira, ya bayyana a littafinsa Alfuruƙ cewa garari yana ɓata ƙullin musaya ne, irin saye da sayarwa, inda kowa yake neman makwafin abin da ya bayar. Amma ba ya ɓata ƙullin kyauta da sadaka, domin wanda ya bayar don Allah ba a cuce shi ba in abin da ya dawo masa ya kasa. Idan mutum dubu suka zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar a yi wa duk wanda ya kwanta a cikinsu magani, to asusun nasu ne, abin da ya saura yana nan domin su, mai kula da shi kuwa wakili ne da ake biya ladan aikinsa.

Asalin wannan yana cikin Sunna. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa cewa mutanen ƙabilar Ash'ar, in guzurinsu ya yi ƙaranci a wurin yaƙi ko abincin iyalinsu ya kasa a Madina, sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai, kuma Annabi ya yabe su har ya danganta kansa da su. Wani ya kawo da yawa, wani kaɗan, kowa ya ɗauki daidai da ɗan'uwansa, ba a kira wannan caca ba. Haka nan tsarin aƙila, inda dangin wanda ya yi kisan kuskure suke haɗuwa su biya diyya. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida kuwa ta umarci muminai da taimakon juna a kan aikin alheri da taƙawa. Bahaushe bai baƙunci wannan ba: gayya a gona, gudummawar biki da ta gobara, duk ɗiyan wannan asali ne, hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Wani abin lura kuma, Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zaure, ta halatta a yi sharaɗi da mai magani a kan warkewa, ko da yake ba a san tsawon jinyar ba. Wannan ya nuna Shari'a tana rangwame ga ɗan garari a babin magani saboda buƙata.

A kan waɗannan asalai aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan a 1979, Malesiya ta yi dokar takaful a 1984, hukumar kula da inshora ta Nijeriya ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, aka ba kamfanonin Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi a 2016. Game da lafiya a keɓe, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Dubai a 2005 ta rarrabe: in ƙullin kai tsaye ne da asibiti ya halatta bisa sharuɗɗan da za su rage garari, in ta hannun kamfanin takaful ne ya halatta, in ta hannun kamfanin inshorar kasuwanci ne bai halatta ba. Tun a 1965 kuwa taron malamai na Azhar a Alƙahira ya halatta tsare-tsaren lamunin jama'a da hukuma take gudanarwa, domin ba riba take nema ba.

Ƙofofin da Ke Gaban Mutumin Jigawa

An kafa tsarin inshorar lafiya na tarayya da doka ta 35 ta shekarar 1999, ya fara aiki a 2005 da ma'aikatan Gwamnatin Tarayya. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane mazaunin ƙasa. Jihohi sun kafa nasu hukumomin, kuma da yawa a Arewa, irin su Kano da Katsina da Sakkwato, sun zaɓi sunan taimakekeniya maimakon inshora. Ta Jigawa ita ce JICHMA, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar.

Ƙofa ta farko ta ma'aikacin gwamnati ce, wanda ake shigar da shi ta wurin aikinsa. Wannan lamunin hukuma ne, babu ƙunci a kansa. Abin da ya rage masa shi ne ya tabbatar an rubuta iyalinsa, ya kuma zaɓi asibiti. Ƙofa ta biyu ta manomi da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu ce, waɗanda suke biya da kansu shekara-shekara a hukumar jiha, ko a tsarin tarayya na ɗaiɗaiku da iyalai da ƙungiyoyi da aka buɗe a 2020. Ƙofa ta uku ta masu rauni ce. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware abin da bai kasa kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ba domin lafiya a matakin farko, kusan rabinsa kuma ana biya wa marasa ƙarfi inshora da shi. Dokar 2022 ta lissafa yara 'yan ƙasa da shekara 5, da masu juna biyu, da tsofaffi, da naƙasassu, da matalauta cikin masu rauni. Wanda ya cancanta ya nema ta wurin asibitin mazaɓarsa ba roƙo ya yi ba, haƙƙinsa ne a baitulmali. Ƙofa ta huɗu ta kamfanoni masu zaman kansu ce. A nan ne ake buƙatar taka-tsantsan, a fifita takaful in akwai. Wanda wurin aikinsa ya ɗora masa inshorar kasuwanci ba da zaɓinsa ba, malamai da yawa sun yi masa rangwame.

Sai dai a kiyaye, ƙa'idar fiƙihu ita ce ana duba manufar ƙulli da ma'anarsa, suna kawai ba ya halatta abu. Ya dace malamai da wakilan jama'a su riƙa tambayar kowace hukuma ko kamfani: ina ake ajiye kuɗin, da me ake juya shi, ina rarar take zuwa?

Tambayoyi Shida Kafin Sa Hannu

Na ɗaya, su wa katin ya ƙunsa? Na biyu, wane asibiti za a rubuta? Ga mutumin Farin Dutse, asibitin da zai iya kai yaro cikin dare da damina ya fi mai babban suna da ke nesa, domin ƙa'idar tsarin ita ce a fara da asibitin da aka rubuta, shi ne zai tura mutum babban asibiti da takarda in ciwon ya fi ƙarfinsa. Wanda ya tsallake wannan mataki, in ba gaggawa ba, yana iya tarar da kansa yana biya daga aljihu. Na uku, waɗanne cututtuka aka ɗauka, waɗanne aka toge? Zazzaɓi da awon ciki da haihuwa galibi suna ciki, amma jinya mai tsada irin wankin ƙoda da ciwon daji akan iyakance ta. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya tambayi maganin wata-wata musamman. Na huɗu, nawa majiyyaci zai cika? A tsarin ma'aikata na tarayya yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Na biyar, yaushe katin zai fara aiki, yaushe zai ƙare? Akwai wa'adin jira tsakanin biya da fara amfani, saboda haka hikima ita ce manomi ya yi rajista da kaka, sa'ad da kuɗin riɗi da gyaɗa suke hannu, domin damina ta tarar da katinsa a raye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na shida, wa za a kai wa ƙara in an hana mutum haƙƙinsa? Wanda bai iya karatun boko ba ya nemi amintacce ya karanta masa takardar, domin jahiltar sharaɗi shi ne ainihin gararin da ake gudu.

Mai Mace Fiye da Ɗaya

Ga wani wuri da ƙafa take zamewa. Tsarin ma'aikata na tarayya yana ɗaukar ma'aikaci da abokin aure ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ƙari a kan haka sai da ƙarin biya. Magidanci mai mata biyu ko uku da 'ya'ya goma, wa zai rubuta, wa zai bari?

Gaskiya ne Muhtasar na Shaihu Halil bai lissafa kuɗin magani cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji ba, ko da yake ya lissafa ladan ungozoma. Amma Ibnu Abdil Hakam daga cikin Malikawa ya ɗora wa miji ladan mai magani, malaman wannan zamani kuma irin su Shaihu Wahba Zuhaili sun ce magani a yau ya zama larura tamkar abinci. Ko ma wace magana aka ɗauka, kyautata zama wajibi ne, adalci tsakanin mata da tsakanin 'ya'ya kuwa umarni ne. Annabi ya ƙi yin shaida a kan kyautar da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya keɓe shi da ita ban da 'yan'uwansa. Saboda haka wanda ya rubuta uwargida da ɗakinta, to ya biya wa amarya da nata ɗakin, ko ta ƙarin biya a tsarin nan, ko a hukumar jiha. In ƙarfinsa bai kai ba, ya fara da mafi buƙata, kamar mai ciki da jarirai da mai ciwo mai daɗewa, ya bayyana wa kowa dalili a fili, ya kuma ɗauki nauyin maganin sauran daga aljihunsa. Katin asibiti ƙaramin abu ne, amma ya isa ya shuka gaba tsakanin 'yan uba. Kada kuma a manta da iyaye tsofaffi, waɗanda ciyar da su wajibi ne a kan ɗa mawadaci in sun rasa.

Amana ta Ɓangare Biyu

Asusun taimakon juna dukiyar jama'a ce. Wanda ya ara wa maƙwabci katinsa, ko ya kai ɗan wani da sunan ɗansa, ko ya karɓi magani ya sayar, ko mawadacin da ya cusa sunansa cikin jerin matalauta, duk sun ci amana, ko da sun kira abin taimako. Aya ta farko a Suratul Ma'ida ta wajabta cika alkawura, Annabi kuma ya barranta daga mai algus. Haka nan ma'aikacin da ya ce wa mai kati babu magani alhali akwai, ko ya rubuta aikin da bai yi ba, ko ya wulaƙanta mai kati ya fifita mai kuɗi a hannu, ko shugaban da ya jinkirta biyan asibitoci haƙƙinsu, zai amsa tambaya a gaban Allah.

Wanda kuwa shekara ta ƙare bai taka asibiti ba, kada ya ce kuɗinsa ya tafi a banza. Ya samu lafiya, wadda ita ce uwar jiki, kuɗinsa kuma ya yi wa wani bawan Allah magani. In ya kyautata niyya tun farko, sadaka ce a mizaninsa. Mawadatan gari suna da babbar dama a nan: su biya wa marayu da gwagware da almajirai rajistar shekara a matsayin sadaka ko waƙafi. Amma zakka, abin da ya fi tsentseni shi ne a damƙa ta a hannun mabuƙaci ta zama mallakarsa, sa'an nan a nuna masa amfanin yin rajista da wani abu daga cikinta.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa ciwonsu ya zama kaffara, ya hore wa magidanta abin da za su sauke nauyin da ke kansu ta hanyar halal, ya ba waɗanda aka damƙa wa amanar jama'a ikon riƙe ta. Allah shi ne mafi sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama.